Yadda Aka Ce Jikina Ne Ke Katse Akwatin Ajiya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe goma saura kwata na safe aka fara zaluntata a ofishin Ƙungiyar Tsofaffin Malamai, inda nake sakatare shekara tara. Na rubuta ranar da lokacin ne saboda wanda ya yi mini abin yana da halin cewa bai tuna ba.

Ga yadda aka fara. Muna da rajistocin makarantun unguwarmu na shekara arba'in, gara tana ci. Kwamiti ya yanke shawarar a ɗauki hotonsu shafi-shafi a zuba a kwamfuta. Sai ƙanin matata ya ji labari. Shi ne wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ko da yake ni dai tun da na san shi ban ga ya ƙera komai ba sai surutu. Ya zo taron kwamiti da jaka a rataye da tabarau a goshi, ya ce zai gina mana Rumbun Tarihi na Zamani, irin wanda ko babban birni ba su da shi.

Ya kafa kwamfuta a teburina. Ya ɗora wani baƙin akwati a kan kanta a ɗakin kaya, ya ce sunansa akwatin ajiya, a cikinsa hotunan za su zauna. Ya ja wata shuɗiyar waya daga akwatin, ta bi gindin bango har teburina. Ya karkaɗe hannu ya ce, "Yaya, daga yau gara ta yi ritaya kamar ku. Ranar takwas ga Afrilu za a ƙaddamar, ku gayyato kowa."

A wannan Talatar na zo kamar kullum, na tura ƙofa har bango na tokare ta, domin shekara talatin da biyar ina koyarwa ban taɓa zama a ɗaki ƙofa a rufe ba. Ina zama sai na ga wani layin farin rubutu ya fito a baƙin allon kwamfutar. Da Turanci yake, ma'anarsa: akwatin ajiya bai amsa ba, ana sake gwadawa. Bayan daƙiƙa goma wani ya fito, iri ɗaya sak. Bayan goma wani. Na ɗauko sabon littafi, na ja layi da rula, na fara rubuta lokacin kowanne. Da suka kai ɗari na kira Injiniya.

Ya leƙa allon ya yi murmushi. "Wannan maganar kenel ce, Yaya."

"Wane ne kenel?"

"Shi ne hedimastan kwamfuta. Duk abin da ya faru a cikinta sai ya rubuta a rahotonsa. Amma idan ya yi magana sai irinmu ke ganewa."

"To me ya ce?"

"Abu ne mai zurfi."

"Ya ce akwatin bai amsa ba," in ji ni. "Turanci na koyar, ba kiwo ba."

"Ɗan ba ni wuri, Yaya. Injiniya ba ya aiki ana kallonsa."

Na fita, ya rufe ƙofa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya leƙo ta taga yana washe baki. Rubutun ya tsaya. Layin ƙarshe ya ce an sake haɗuwa. "Tsorona take ji," ya ce, ya hau babur ya tafi. Na koma ciki na zauna. Kafin ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, rubutun ya dawo.

Ranar Laraba ya ce zafi ne. Ya cire fankar da ke kaina ya kai wa akwatin, na wuni ina fifita da kwalin rajista. Rubutun bai tsaya ba.

Ranar Alhamis ya ce ɓarayin intanet ne daga ƙasashen waje suke son sace sakamakon jarrabawar aji shida na shekara talatin da suka wuce. Kafin azahar ya sauya magana, ya ce keken telan da ke maƙwabtaka da mu ne ke girgiza saƙo a cikin waya. Ya je ya ce wa tela ya dakata da ɗinki na awa guda.

Tela ya ɗago kai, allura a baki. "In dakata? Kayan biki ne a gabana."

"Aikin kimiyya ne."

"Kimiyyar ce za ta ba matar mutane haƙuri in ta zo ba ta samu rigarta ba? Keken nan ya girme ka, bai taɓa katse wa kowa magana ba. Kai ne ka katse mini."

Duk da haka ya dakata, don girmana. Rubutun bai ko lura ba.

Ranar Juma'a Injiniya ya goge duk manhajar kwamfutar ya sake zubawa, sau uku. Kowane karo sai ya kore ni waje, ya rufe ƙofa, ya fito yana cewa an gama. Kowane karo ina komawa sai abin ya dawo. A karo na uku na miƙa masa littafina na ce ya duba, wataƙila lokutan su nuna masa wani abu. Wannan shi ne kuskuren da na yi, kuma na amsa shi.

Ya buɗe, ya bi da yatsa, sai idonsa ya yi haske. "Yaya, ƙarfe nawa kake zuwa ofis?"

"Goma saura kwata."

"Ka tashi fa?"

"Ƙarfe ɗaya."

"Allahu Akbar! Ga shi da hannunka ka rubuta. Goma saura kwata ya fara, ɗaya ya tsaya. Yaya, kai ne!"

"Ni ne me?"

"Kai ne matsalar. Jikinka yana da wuta. Akwai irinku, mutum ɗaya a cikin miliyan. Na karanta."

Na ce masa rubutun ya tsaya ƙarfe ɗaya a littafina ne saboda ƙarfe ɗaya nake daina rubutawa. Ya ce wannan ma hujja ce.

Ranar Litinin ya tara shaidu: Shugaban ƙungiyarmu, wanda tsohon hedimasta ne kuma abokina tun muna kwalejin horon malamai, da tela, da mai askin da ke tsallaken titi. Ya jera su a bayan kwamfuta ya ce su zuba ido.

"Yaya, fita." Na fita, ya rufe ƙofa. Na ji mai aski ya ce, "Kai! Ya tsaya!"

"Yaya, shigo." Na tura ƙofa har bango na shiga. Mai aski ya dafe ƙirji. "Ya dawo! Wallahi ya dawo!"

Sau bakwai aka yi haka. A na bakwai Shugaba ya cire tabarau ya goge, ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Malam," ya ce a hankali, "dama tun muna kwaleji rediyo ba ya daɗewa a hannunka."

Daga nan aka shiga tuɓe ni. Injiniya ya ce agogona ne, na cire. Ya ce sandata ce saboda kanta ƙarfe ne, na jingine ta a waje. Ya ce tabarau, na shiga ina lalube. Ya ce takalmi, ya aro mini silifas ɗin roba a wurin tela, ɗaya ja ɗaya kore. Duk na yi, domin ni mutum ne mai girmama gwaji. Rubutun yana nan yana zuba kamar ɗalibin da aka ba horon rubuta layi ɗari biyar. A ƙarshe ya ciro wata wayar jan ƙarfe daga jakarsa ya ce zai ɗaura mini a idon sawu, ɗaya ƙarshen a bututun famfo, don wutar ta riƙa sauka ƙasa.

Na ce, "Ni ba akuya ba ne."

"Ka gani, Shugaba? Ba ya son a warkar da shi."

Washegari, ashirin da ɗaya ga wata, Shugaba ya zo gidana ya zauna a bakin kujera, ya yi ta zagaye-zagaye a kan lafiyar iyali, sannan ya ce in ba shi mabuɗin ofis, na ɗan lokaci, har a ƙaddamar. Shekara tara mabuɗin nan yana aljihuna. Na ciro na ba shi.

Labari ya zaga unguwa kafin la'asar. Na je aski, mai aski ya kashe injinsa ya ɗauko almakashi. "Kada ka ƙona mini kayan sana'a, Malam." Na wuce ta gaban tela, ya miƙo mini wayarsa. "Malam, ɗan riƙe mini minti biyar, caji ya yi ƙasa." Wata maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko gaskiya ne idan na yi atishawa ƙwan fitila yana mutuwa. Abin da ya fi ci mini rai a gida ya faru. Na nufi firij zan sha ruwa, sai mai ɗakina ta riga ni.

"Zauna, Malam, in kawo maka."

"Tun yaushe?"

"Ai hutar da kai nake yi."

"Ke ma kin yarda da maganar ƙaninki?"

"Ni ban ce na yarda ba. Amma firjin sabo ne."

Ranar Asabar, takwas ga Afrilu, aka ƙaddamar. An jera kujeru tamanin a gaban ofis, an rataya farin ƙyalle a bangon baranda inda na'urar haska hoto za ta nuna rajistocin. Tsofaffin malamai sun zo, tsofaffin ɗalibai sun zo, wasu da jikokinsu, kowa yana son ganin sunansa da makinsa. Ni kuwa, sakataren ƙungiya, wanda ya ɗauki hoton shafi dubu biyu da ɗari uku da hannunsa, Injiniya ya auna taku talatin daga ƙofar ofis ya ce nan ne iyakata. Takun ya ƙare a kan bencin mai aski. A nan na zauna.

Ina kallo ya tura ƙofar ofis har bango, ya tokare ta da bulo don ya fito da wayar na'urar haska hoto. Ya ɗauki lasifika. Ya yi minti ashirin da biyu yana jawabi, na duba agogo. Ya ce an sha fama da wata matsala da ta gagari masana, amma shi ya gano tushenta cikin kwana huɗu, kuma ba zai faɗi suna ba saboda zumunci. Kawuna tamanin suka juyo suka dube ni. Ya ce yanzu Shugaba zai danna maɓalli ɗaya, tarihin shekara arba'in ya bayyana.

Shugaba ya danna. Wani ɗan zobe ya fito a ƙyallen yana juyawa. Ya juya, ya juya. Aka yi tafi, a zaton shi ne farkon shirin. Zoben ya ci gaba da juyawa.

Injiniya ya ɗaga lasifika. "Yaya! Ƙara matsawa!"

Na tashi, na koma gaban kemis, taku hamsin. Zobe yana juyawa.

"Har yanzu tana iso mu. Iska ce ke kawo ta. Yaya, shiga lungu!"

Na ce daga nan ba zan ƙara taku ɗaya ba, ko da ƙyallen zai kama da wuta.

Ya share gumi ya dubi jama'a. "To akwai wani mai ita a nan. Wa ya gaisa da Malam yau hannu da hannu?" Hannaye kusan ashirin suka tashi. "Ku tsallaka titi." Suka tsallaka, suna dariya, har da wani tsohon sufeto mai shekara tamanin da aka riƙe ta hannu biyu. Zobe yana juyawa.

"Wa yake gida ɗaya da shi?"

Mai ɗakina ta miƙe. "Ni ce. Kai kuma a gidan ka ci abinci jiya, har ka nemi ƙari."

"Yaya, ba lokacin wannan ba ne. Tsallaka."

Ta tsallako ta tsaya kusa da ni, ba ta dube ni ba. Sai ya koro masu agogon ƙarfe. Sai masu haƙorin ƙarfe. Sai masu sanda, wanda a taron tsofaffin malamai kusan rabin jama'a ke nan. Ya juya ga Shugaba ya ce, cikin ladabi, ai shi ma mabuɗin Malam yana aljihunsa kwana goma sha takwas, wataƙila ya ɗauka. Shugaba ya tattara babbar rigarsa ya tsallako, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci.

Cikin rabin awa kujeru tamanin suka zama fanko. Dukanmu muna tsallaken titi a cunkushe tsakanin shagon aski da kemis, masu babura suna tsayawa suna tambaya ko gobara ce. A baranda babu kowa sai Injiniya da lasifikarsa da zoben yana juyawa.

Tela ya haɗa hannu a baki ya ƙwala masa kira: "Injiniya! Saura mutum ɗaya!"

Dariyar da aka yi, har tsohon sufeto sai da aka zaunar da shi.

A cikin jama'a akwai wata tsohuwar ɗalibata da muke kira 'Yar Gaba, don a bencin gaba take zama saboda gajarta. Yanzu ita ke kula da kwamfutocin wani asibiti. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, ka ba ni izini in duba?" Na ce ba ni da izinin bayarwa, an karɓe mabuɗina, ta tambayi Shugaba. Shugaba ya ce ta je, don Allah ta je.

Ta tsallaka, muka bi bayanta a hankali. Injiniya ya tare ta. "Hajiya, wannan ba aikin mata... ba aikin kowa ba ne. Kenel ne."

"Na ji. Ina rahotonsa?"

"Babu rahoto. Na magance shi."

"Ka magance shi ko ka rufe masa baki?"

Ba ta jira amsa ba. Ta zauna, ta buga 'yan kalmomi, sai ga rubutu ya cika farin ƙyallen, manya-manyan baƙaƙe, kowa yana gani. Akwatin ajiya bai amsa ba, ana sake gwadawa. Layi a kan layi, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Taron malamai ne, ba a buƙaci tafinta ba. Ta ja rubutun baya tana karantawa da ƙarfi: ashirin da uku ga Maris, ashirin da bakwai, talatin, uku ga Afrilu.

"Malam yana shigowa a waɗannan ranaku?"

Shugaba ya taɓa aljihunsa. "A'a. Mabuɗin yana wurina. Injiniya kaɗai nake buɗe wa, in zai shigo da kwalayen rajista."

"To ran ashirin da uku wani ya ga saƙon ya dawo, ya ba kwamfutar umarni ta daina nuna shi a allo. Ba daina rubutawa ta yi ba, daina nunawa. Ga umarnin nan, ƙarfe sha ɗaya da minti shida."

Injiniya ya ce, "Wannan tsaftace allo ne."

Ta tashi ta kama shuɗiyar wayar daga bayan kwamfuta, ta bi ta a sunkuye, gindin bango, gindin bango, har bayan ƙofa. Ta ture bulon da ƙafa ta jawo ƙofar kamar taƙi ɗaya. A ƙyallen aka rubuta: an sake haɗuwa. Nan take rajistar aji ɗaya ta shekara arba'in da suka wuce ta bayyana, da rubutun hannun marigayi hedimastanmu na farko. Jama'a suka ɗauki kabbara. Ta mayar da ƙofar bango. Hoton ya daskare, rubutun ya dawo. Ta jawo, ya tafi. Ta tura, ya dawo.

Sannan ta ɗago wayar ta nuna mana. Injiniya ya kafe ta da ƙusa daidai inda gindin ƙofa yake haɗuwa da bango. Duk wanda ya buɗe ƙofar har ƙarshe sai ta matse wayar. Wurin ya baje kamar an taka shi da mota, har jan ƙarfen ciki ya leƙo. Ta ciro wata wayar daga jakarta, ta bi da ita ta saman ƙofa. Minti biyar. Na duba agogo.

Injiniya ya ɗauki lasifika ya ce, "Jama'a, dama abin da nake shirin dubawa ke nan." Mai ɗakina ce ta karɓe lasifikar daga hannunsa.

Yau kwana tara da faruwar wannan. Shugaba ya aiko mini da mabuɗi a cikin ambulan ta hannun mai ɗakina, babu ko layi ɗaya a ciki. Injiniya kuwa ya zo gida ya ce ai wasa ne irin na ƙanin mata, kuma in aka duba da kyau ni ne dai nake buɗe ƙofar, saboda haka rabin bincikensa daidai ne. Na mayar da ambulan ɗin.

Kuskure ba ya ba ni haushi. Na shekara talatin da biyar ina gyara shi da jan biro. Da Injiniya ya tsaya a kan fanka da keken tela, da na yi dariya tare da kowa. Amma ran ashirin da uku ga Maris, ina zaune a gidana, ya ga saƙon nan da idonsa, ya san ba ni ba ne, ya ɓoye, ya bar ni kwana goma sha shida ana miƙo mini waya in yi mata caji.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Ranar Asabar mai zuwa a sake jera kujerun nan tamanin a gaban ofis, a gayyato duk wanda aka gayyata, har da tela da mai aski. Injiniya ya hau baranda da lasifika ya faɗi abu uku da bakinsa: cewa shi ya kafe wayar, cewa ya ga saƙon ba na nan ya ɓoye, da cewa jikina ba shi da wata wuta. Kada ya ce "in an ga na yi kuskure". Ya ce "na yi ƙarya, Malam, ka yi haƙuri". Bayan haka Shugaba ya miƙo mini mabuɗi hannu da hannu a gaban jama'a, a rubuta duka a littafin taro, ni zan duba rubutun.

Ƙarfe goma na safe na ce. Wanda ya zo goma da minti biyar, a tsaye zai saurara.